Muhawara: Fej zai iya maye gurbin antibayotik a cututtukan abinci?

Dakta Habu: Ni dai na ce zai iya. Fej bairus ne da ba ya kama komai sai bakteriya: ya manne a jikinta, ya hayayyafa a ciki, ya fasa ta. Tun 2006 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da ListShield, haɗin fej shida da ake fesa wa naman da ake ci ba sai an dafa ba, saboda bakteriyar Listeria. Cibiyar Eliava ta Tibilisi, ƙasar Jojiya, kuwa tun 1923 take aiki da fej.

Hajiya Rabi: Dakta, ka haɗa abu biyu. Fesa wa nama daban, bai wa mai zawo daban. A Daka ta Bangladash an gwada fej a kan yara masu zawo, sakamakon ya fito a 2016: bai cutar da su ba, bai kuma gaggauta sauƙi ba. Ga tsamin ruwan ciki da ke hallaka fej kafin ya kai hanji, sai an fara ba da bakabonet mai rage tsamin ko an zuba shi a ƙwanso. Ƙwayar taifod kuwa ɓuya take a cikin ƙwayoyin jikin mutum, fej ba ya iske ta.

Malam Sani: Ko a kan naman ma da sharaɗi. Fej ba ya tafiya da kansa, sai ya yi kiciɓis da bakteriyar. Shi ya sa ake zuba fej kamar miliyan 10 zuwa 100 a kowane giram na nama. Wanda ya tsinka shi don tattali, ruwa ya fesa. A kaji kuma kwana ɗaya ko biyu kafin yanka ake ba su. In aka ba su fej da wuri, bakteriyar Campylobacter masu jure masa su sake cika hanjin.

Dakta Habu: Malam, dalilin haɗa iri-iri ke nan, bakteriyar da ta kuɓuce wa ɗaya ta faɗa hannun wani. Ku kuma tuna bakteriyar E. coli O157: antibayotik na iya sa ta ƙara sakin dafin Shiga, ƙoda ta lalace.

Hajiya Rabi: To ai umarnin haɗa wannan dafin, Dakta, fej ne ya kai mata shi, haka ma na kwalara. Akwai irin fej da ba ya fasa bakteriya nan take, kwanciya yake a cikinta ya bar mata mugun gado. Don haka sai an karance tsarin halittar kowane fej kakaf, an ware masu kwanciyar, kafin ya kusanci abincin mutane.