Ƙwarin farautar da na saki a rumfar kokwamba sun ɓace, zafi ne ko algus?

Manomin Kura:
Salam jama'a, dan Allah masu sani ku taimaka. Jan gizo, wani mitsitsin ƙwaro mai tsotse ruwan ganye, shi ne ya addabi kokwamba ta a girinhaus (rumfar leda), ganye duk ya yi ɗige-ɗige ga yanar gizon a ƙarƙashi, aka ce in bar feshi in sayo wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cinye shi, Phytoseiulus persimilis. Na saki a Agusta kuma wlh sun yi aiki, amma na Afrilun nan ko ɗaya ban ƙara gani ba, gizon kuma sai yaɗo yake.

Malamin Gona:
Wa'alaikassalam. Ba algus ba ne malam, zafi ne. Wannan ƙwaron a digiri 15 sai ya yi kusan kwana 25 daga ƙwai zuwa balaga, a 20 wajen kwana 9, a 30 kwana 5 kacal, sai ka zata ai ƙarin zafi ƙarin riba ne, ina! da an haura 30 ƙarfinsa ke raguwa, wajen 35 ma cin abinci yake dainawa balle ƙwai, shi ko jan gizo lokacin kakarsa ta yanke saƙa, sati guda ya isa ƙwansa ya zama uwa. Rumfar leda da azahar a Afrilu kuwa kai ma ka san yadda take.

Hajiyar Lambu:
Malam ka manta da laima. In laimar iska ta yi ƙasa da kashi 60 ƙwan persimilis ƙanƙancewa yake baya ƙyanƙyashewa, shi yasa na damina suka maka aiki. Gwada Neoseiulus californicus, shi ma ƙwaron farauta ne, yafi jure zafi da bushewa, sai dai bashi da zafin nama irin na persimilis. Ka sa ragar inuwa, ka riƙa jiƙa ƙasa da rana, ka sake su da yamma.

Ɗan Rogo:
Haka fa aka yi da wani ƙwaron farauta Typhlodromalus aripo da cibiyar binciken noma ta IITA ta kawo daga Brazil ta saki a Benin a 1993 saboda koren gizon rogo. Shi wayo gare shi, da rana yana ɓoye cikin tohon rogo sai dare ya fito farauta, duk da haka yafi kama ƙasa inda ake da laima.

Manomin Kura:
Allah ya saka. To Hajiya shi californicus ɗin in na saki yanzu zai kai damina kuwa, ko in haƙura sai ruwa ya zauna? Kuɗin ba kaɗan ba ne fa.