"Gani ya kori ji": wane gani ake nufi?

Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum jama'a. Wani labari ne ya dawo mini da wannan karin magana. C. C. A. Christensen mai zane ne ɗan Denmak, haifaffen Kofenhagen a 1831. Ya shiga cocin Mormon a 1850, ya yi ƙaura zuwa Yuta a Amurka a 1857. Daga 1878 ya fara zana tarihin cocinsu a manyan ƙyallaye 23, ya ɗinke su wuri guda ya naɗe kamar tabarma, tsawon kusan ƙafa 175. Da hunturu, in aikin gona ya tsaya, sai ya bi ƙauyuka yana warwarewa yana ba da labari. Mutanen da suka sha jin ƙissar a baki suka gan ta da ido. Ashe ba gani ya kori ji ke nan ba?

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ɗora karin a inda ba zai zauna ba. Ana faɗinsa ne idan mutum ya iske abu da kansa, shakka ta kau. Ɗauki zanensa na kisan Joseph Smith, wanda ya kafa cocin, a kurkukun Carthage a Amurka a 1844. Lokacin Christensen yana ɗan shekara 12 a Denmak, ko cocin bai shiga ba. Waɗanda suka shaida irin waɗannan abubuwa ya bi yana tambaya, sannan ya zana. To mai kallon ƙyallen ji yake yi da ido.

'Yar Katsina: Baba Malam, na yarda, amma da saura. Akwai abin da ya gani da idonsa. Shi da matarsa Elise, 'yar Norwe, amalanke suka ja da hannu daga Ayowa har Salt Lake a Yuta, tafiyar kusan mil 1,300 a ƙasa. Da ya zana masu amalanke suna tsallake rafi a 1900, wahalar ƙafarsa ya zana. Ni a nan sai in ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Duk lokacin da na duba hoton nan, matar nake tunawa, cikin rana da ƙura.

Ɗan Zazzau: Yaya, wannan ya shige ni. Amma Malam, yaran da aka haifa a Yuta fa, waɗanda ba su san Nauvoo ba, garin bakin kogin Misisipi da 'yan cocin suka baro? Ranar da suka ga zanen keken shanu a kan ƙanƙarar kogin, wani abu ya canja a zukatansu.

Tsohon Malami: Ya canja ƙwarai, ban musa ba. Zane yana dasa labari a zuciya fiye da baki. Tabbatar da labarin ne ba aikinsa ba, shi kuwa karin nan a kan tabbaci yake.

'Yar Katsina: Akwai dai inda ya dace sarai. Bayan rasuwarsa a garin Ephraim a 1912 ƙyallayen sun daɗe a ajiye, sai dai a ji labarinsu. A 1970 aka baje su a gidan zane na Whitney a New York, yanzu kuma suna Jami'ar Brigham Young da ke garin Provo a Yuta. Wanda ya je Provo ya tsaya gabansu, shi kam yana iya faɗin karin nan.