Shagon giya a bakin layi a Filadelfiya: birni ke da iko ko jiha?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Shagunan nan na Filadelfiya a Amurka da ake sayen giya a fita da ita, in maƙwabta sun gaji da ɗaya, ƙofar wa ake bugawa? Kansila ko jiha?

Mai cike wa 'yan kasuwa takardu: Wa alaikumus salam. Malam, lasisin na jiha ne. Hukumar PLCB mai kula da harkar giya a jihar Pensilbaniya, wadda aka kafa a 1933, ita ke bayarwa, ita ke sabuntawa duk shekara biyu. Kuma yawancin shagunan nan a takarda gidajen abinci ne. Lasisin R, wato na gidan abinci, yana neman fili murabba'in ƙafa 400, da kujeru da tebura na mutum 30, da abinci. Lasisin E na giyar biya zalla yana neman ƙafa 300, kujerun dai 30. Da ɗaya daga cikin lasisin biyun nan ake sayar da biya ta fita waje, oza 192 a ciniki ɗaya, wajen lita biyar da rabi ke nan, gwangwani 12 na oza 16. A ciniki ɗaya fa na ce. Mutum ya ajiye a mota ya dawo, sabon ciniki ne.

Wata mai zuwa taron unguwa: Nan gizo ke saƙar. Za ka shiga ka tarar kujerun an jibge su a lungu, wani wurin ma an ɗaure da sarƙa, banɗaki a kulle, abincin kuwa 'yar taliyar leda ce a kan kanta. Idan za ku kai ƙara, wannan za ku rubuta: kujera nawa ke a shimfiɗe, ranar da aka duba, da ƙarfe nawa. "Suna damun mu" ba ya kai ko'ina. Masu bincike kuma reshen 'yan sandan jiha ne mai kula da dokar giya, ba 'yan sandan birni ba. Tun 2017 doka ta ba PLCB ikon dakatar da lasisi nan take in an tarar sharuɗɗan nan ba su cika ba, amma da ya gyara sai a buɗe masa.

Wani dattijo: Hajiya ta faɗi gaskiya. An taɓa miƙa wa birni wuƙar ai. A 2005 majalisar jiha ta ce mai son sayar da giyar fita waje a Filadelfiya sai ya sami izini na daban, kuma sai majalisar birni ta amince. Masu shaguna, da yawansu 'yan asalin Asiya, suka tafi kotu. Kotu ta ce ba ya yiwuwa kansiloli su zama masu yin doka kuma su ne alƙalan kowane shago. Daga nan tsarin bai sake tsayawa da ƙafarsa ba.

Mai cike wa 'yan kasuwa takardu: Haka ne Alhaji. Abin da ya rage a hannun birni shi ne takardar sayar da abinci, duba tsafta, dokar gini da haraji. Ta nan kansila Cindy Bass ta bi a Disamban 2017, da dokar da ta matsa kan kujeru da banɗakin da masu saye za su iya shiga. Sai rigimar gilashin kariya da ke tsakanin mai shago da mai saye ta danne sauran zancen.

Wata mai zuwa taron unguwa: Lokacin da ya fi amfani shi ne kafin a buɗe. In za a kawo lasisi sabon wuri, dole a manna takarda ruwan lemo a jikin ginin kwana 30. Wanda gidansa ke cikin ƙafa 500 yana iya rubuta ƙin amincewa zuwa PLCB a cikin kwanakin. Makaranta, asibiti, coci ko filin wasan yara da ke cikin ƙafa 300 su ma suna da bakin magana. Abin da ke ɓata lamarin, mutane na kai takardarsu ofishin kansila su koma gida, kwana 30 su wuce ba ta isa ofishin PLCB a Harrisburg, babban birnin jihar, ba. A aika wa hukumar kai tsaye, da adireshin shagon da lambar lasisin da ke jikin takardar, kansila a ba shi kwafi.