Jama'a a taimaka, me za a ce wa bottleneck da Hausa?

Mai Fassara: Salam 'yan uwa. Ina da shiri a rediyo ƙarfe 4 na yamma kan cinikin duniya, kalma ɗaya ta tsaya min: bottleneck. Maganar mashigin Suez ce, lokacin da jirgin nan Ever Given mai tsawon mita 400 ya gitta a ciki ranar 23 ga Maris 2021 ya kwana 6 bai motsa ba, jirage fiye da 300 suka yi cirko-cirko suna jira. Marubucin labarin da nake fassarawa ya kira Suez da wannan suna, ya kira mashigin teku na Hormuz ma haka. Na sa "cikas" amma raina bai kwanta ba.

Ɗan Kurmi: Cunkoso mana, ko ki ce gosulo kowa zai gane.

'Yar Zazzau: A'a Yaya, cunkoso ai abin da ke biyo baya ne. Ita kalmar wurin take nufi, inda ya tsuke har komai sai ya bi ta nan. Kamar a unguwarmu ana gobe sallah, inji ɗaya ne ke niƙa, mata sun jera robobin gero da markaɗen wake har bakin titi, ko kin yi surfe tun asuba kin wanke kin shanya ba abin da zai ƙara miki, injin nan shi ke yanke wa kowa lokacin da zai ɗora tukunya. Cikas kuwa ana kawar da shi a wuce, wannan ta cikinsa za ki bi dole.

Bazindare: Ku ce wuyan kwalba kawai. Mu nan Nijar da Faransanci goulot d'étranglement ake cewa, shi ma wuyan kwalbar ne, Larabawa ma unuƙuz zujaja suke cewa ba su ji kunya ba.

Malamin Hausa: Wannan ita ce cutar da ke cin harshenmu, a ɗauko maganar Bature a sa mata hula a ce Hausa ce. Wane Bahaushe ne ya taɓa cewa aikinsa ya shiga wuyan kwalba? Muna da hanyar ƙirar suna, ma- a gaba -a a baya, kamar mahauta da marina da masaƙa. Daga shaƙe sai mu samu MASHAƘA, inda abu ke shaƙewa. Na jima ina koya wa ɗalibaina ita.

Ɗan Kurmi: Allah gafarta Malam ni fa da na ga mashaƙa iska ce ta faɗo min, ko masu shaƙe-shaƙe. A rediyo ba a ganin rubutu, tsohuwa a ƙauye za ta ce me ake shaƙa a Suez.

Malamin Hausa: Saboda ba ku saba da ita ba ne. Yau kuka saba da jirgin ƙasa?

Bazindare: To Malam na'ura mai ƙwaƙwalwa fa, shekara nawa ana turawa, yara har gobe kwamfuta suke cewa. Kuma ku na can kullum ku ne masu yanke wa Hausa hukunci, mu namu ba a ko tambaya.

Malamin Hausa: Ɗana ba maganar Kano ko Damagaram ba ce, maganar mutuncin harshe ce, kuma zan tsaya a kan mashaƙa ko ni kaɗai na rage.

Mai Fassara: Don Allah iyayena ƙarfe 3 ta wuce 🙏

'Yar Zazzau: Anti gwada mazurari. Duk wanda ya taɓa ɗura man gyaɗa ko kananzir a kwalba ya san shi, sama faɗi ƙasa tsukakke, in kin yi gaggawa kin tuttula da yawa sai ya cika ya zubo ta gefe, abin da ke sauka dai bai ƙaru ba. Hormuz kenan, kusan kashi 1 cikin 5 na man da duniya ke amfani da shi ta nan yake fita.

Mai Gyaran Kwamfuta: A jirgi ya zauna, amma a wajenmu fa? In mutum ya sa katin hoto mai tsada a kan tsohuwar furosesa muna cewa ita ce bottleneck ɗin, ba zan iya ce wa kwastoma furosesarka mazurari ce ba. Ni dai ce masa nake nan ne ke riƙe maka gudu.

Malamin Hausa: Mazurari aƙalla tamu ce, ba zan hana ba. Amma sunan kayan aiki ne, bai kai mashaƙa ba.

Mai Fassara: Na rubuta "Suez ta zame wa cinikin duniya tamkar wuyan mazurari, inda hanya ta tsuke komai sai ta nan", a karo na biyu kuma na ce matsatsin kawai. Ta kwamfutar a bar ta a buɗe sai na fito. Na gode ƙanwata, Malam a yi haƙuri, na shiga situdiyo.

Malamin Hausa: Ba komai 'yata, Allah ya ba da sa'a. Wuyan nan ne da kin cire shi.