Wace kalma za mu sa wa «défense» a wasan eshek?

Ƴan'uwa masu koyar da eshek (wasan allo mai sarki da sojoji da Faransawa ke kira «échecs») a Damagaram, mun daɗe muna bayani da Hausa amma muna tsoma Faransanci duk inda muka iso ga sunayen tsarin wasa. A kan «ouverture», wato jerin takun da ake buɗe wasa da su, ba a ja magana ba, domin shimfiɗa ta zauna daram. Wadda ta rage ita ce «défense», sunan da ake bai wa shimfiɗar mai wasa da baƙaƙen ƴaƴa, kuma ina roƙon mu tsayar da shawara a kanta tun yara ba su saba da kalmar da za ta karkatar da fahimtarsu ba.

Kalmomi uku aka kawo: kariya, tsaro da ganuwa. Ta ukun wani malaminmu na Birni ne ya kawo ta, yana tuna mana ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye garin da ita, kuma tana da daɗi a kunne. Allah ya gafarta Malam, damuwata da su duka ukun guda ce: suna koya wa yaro ya noƙe ya jira a kawo masa hari. Alhali kuwa an sa wannan suna ne kawai saboda mai farare ke fara taku, mai baƙaƙe kuma yana amsawa. Shimfiɗar Sisiliya, wato mai farare ya kai soja gidan e4 na allo a amsa masa da soja a gidan c5, «défense» ake ce mata, amma tana cikin waɗanda suka fi kowace neman faɗa. Ta Faransa ma, wadda ta samo suna daga wasan wasiƙa da aka fara tsakanin Paris da Landan a 1834, tun a taku na biyu take dukan tsakiyar allo da d5.

Shawarata ita ce tarba. Mai tarba yakan fita ya sadu da mai zuwa a hanya, kuma dole ya dubi wanda ke tafe kafin ya san yadda zai karɓe shi. Wannan shi ne ainihin aikin mai baƙaƙe, musamman idan aka kawo masa baƙon taku wanda bai taɓa gani a darasi ba.

Mu ɗauki Caro-Kann, mai ɗauke da sunayen Horatio Caro da Marcus Kann, wato e4 a amsa da c6, wadda tsofaffin zakarun duniya Botvinnik da Karpov suka yi amfani da ita a manyan wasanni. Manufarta a fili take: sojan c6 yana dafa wa na d5, kuma giwar c8, wato abin da Faransawa ke kira «fou», tana samun hanyar fita. A tsarin da aka saba, mai farare yana buga d4 a taku na biyu, bayan an yi musayar sojoji a e4 kuma sai giwa ta fita f5 lafiya lau. To, idan bai buga d4 ba, ya fito da dawakinsa biyu zuwa c3 da f3 fa? Yaron da ya yi hadda kawai zai ci a e4, ya kai giwa f5 kamar kullum. Dokin mai farare zai je g3 ya koro ta ta koma g6, sojan h4 ya tilasta h6, ɗaya dokin ya faɗa e5 tun mai baƙaƙe bai kai nasa d7 ba, giwa ta ja da baya zuwa h7, sannan sarauniya ta zo h5 tana barazanar kashe wasa a f7. Dole a toshe da g6, giwar da aka yi shimfiɗar dominta ta binne. Wanda ya tsaya ya dubi abin da ya canza zai ga cewa dokin f3 ya riga ya fito, sai ya kai giwa g4 tun a taku na uku ya ɗaure shi.

Kowane ɓangare yana da zaɓi 20 a takun farko, wato yanayi 400 bayan kowa ya taka sau ɗaya, saboda haka hadda ba za ta taɓa isa ba. Ina son kalmar da idan na faɗa wa ɗalibi za ta sa ya ɗaga kai ya tambayi abin da takun abokin wasansa yake nema.

An ce tarba ta fi kusa da maraba, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ai muna cewa an tarbi mahara a bayan gari. Kariya kuwa mu bar ta a wurinta na asali, inda ake kare sarki ko wani ɗa da aka kawo wa hari. Da haka za mu ce Tarbar Caro-Kann, Tarbar Faransa, Tarbar Sisiliya. Ƴan'uwa na Maraɗi da Tawa, idan tarya ta fi sauƙi a bakinku ku sanar da mu, domin mu rubuta guda ɗaya a takardun darasi.