Buhun naushi na gida: abin da aka tsayar a majalisarmu

Da maganar buhun naushi ta taso a majalisarmu ta Garwa, kowa ya yarda tsohon tamfol ya fi atamfa jure duka, kuma ya kamata tela ya maimaita ɗinkin sau biyu.

Abin cikawa ne ya jawo gardama. Samari suka ce yashin Binuwai. Wani tsohon ɗan dambe ya ce yashi zalla yakan taru a ƙasa ya taurare kamar dutse, har ya targaɗa wuyan hannu. Ni ma ina bayansa. Abin da aka tsayar shi ne a ƙulle yashin cikin leda a tsakiya, a danƙare kewayensa da ƙyallayen tela.

Ƙananan buhuna na wasan yara kuwa, tsakuwa za a zuba maimakon wake, domin wake ƙwari ke cinye shi.