Me ya sa aka rage wa Katalin Karikó muƙami kafin ta ci kyautar Nobel?

Ɗaliba daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina karatun kimiyyar sinadaran jiki a nan Kaduna, kuma malaminmu ya ambaci Katalin Karikó, wadda ta ci kyautar Nobel a fannin likitanci a 2023 tare da Drew Weissman. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, an ce Jami'ar Pennsylvania ta rage mata muƙami a 1995. Me ya jawo haka ga mace mai irin wannan basira?

Wani malami daga Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam, 'yata. Maganar kuɗi ce. A jami'o'in Amurka, mai bincike shi ke nemo tallafin da zai riƙe aikinsa, ita kuwa ta yi ta nema ana hana ta. Aikinta a kan mRNA ne, wato saƙon da ke faɗa wa ƙwayoyin halittar jiki irin furotin da za su ƙera, kuma a lokacin mutane kaɗan ne suka yarda cewa mRNA zai iya zama magani. Kuma masu shakkar suna da hujja, don idan aka haɗa mRNA a ɗakin gwaji aka saka a jikin dabba, garkuwar jiki takan ɗauke shi a matsayin maƙiyi, sai kumburi ya biyo baya. A 2005 ne ita da Weissman suka nuna cewa idan aka ɗan sauya uridine, ɗaya daga cikin tubalan mRNA, garkuwar takan ƙyale shi. A kan wannan aka gina allurar korona ta Pfizer da BioNTech da kuma ta Moderna.

Mai sayar da magani daga Barnawa:
Malam, ni abin da ya fi burge ni shi ne asalinta. Mahaifinta mahauci ne a wani ƙaramin gari a Hungary. Da za ta tafi Amurka a 1985, sun sayar da motarsu, ta ɗinke kuɗin a cikin 'yar tsanar ɗiyarta saboda hukuma ta taƙaita kuɗin da ake fita da su.

Malamin Unguwar Rimi:
Haka ne, ɗan'uwa, amma kada 'yarmu ta ɗauka haƙuri kaɗai ne ya kai ta. Ko da aka rage mata muƙami, tana da damar yin aiki a ɗakin gwaji mai firji da ke aiki dare da rana, wanda ya zama dole domin mRNA abu ne mai saurin lalacewa, ko taɓa shi da hannu ba safa yana iya ɓata shi. Kamfanin BioNTech na Jamus ma sai a 2013 ya ɗauke ta aiki, shekara 8 bayan wancan binciken na 2005.